Shekarun Malam Haruna na Takarda

Shekara uku ke nan da muka kai Malam Haruna makwancinsa a maƙabartar Tarauni. Aminina ne na fiye da shekara talatin. Shi akawu ne a wani ofishin gwamnatin tarayya, ni kuwa dillali ne. Da babura na fara, na koma motoci, daga baya na haɗa da filaye da gidaje. Wani babur da na sayar masa ne ya haɗa mu. Bayan mako guda ya dawo da shi ya ce yana hayaƙi, na ce masa a kuɗin da ya saya dole ya yi hayaƙi. Ya yi dariya ya ce aƙalla ban yi masa ƙarya ba. Tun daga ranar yake kirana Dillali, ni kuma ina kiransa Akawu.

Har yanzu in na bi ta layinsu a Gyadi-Gyadi sai na rage gudu, ko da yake babu abin da zan gani. Inda gidansa yake an gina bene mai shaguna: ƙasa kantin magani da mai gyaran waya, sama wurin gwajin jini. Darbejiyar da muke zama a gindinta bayan la'asar an sare ta, an yi wurin ajiye motoci. Ni na sayar da gidan da hannuna, kuma zan zo kan wannan.

Ba ta'aziyya ce ta sa na tuna shi a wannan shafi ba, an yi ta an gama. Kwanan baya wani ma'aikaci da ya kusa ajiye aiki ya zo rumfata neman gida. Muna cikin hira ya shiga ba ni labarin ƙa'idojin fansho da ake ta sauyawa, sannan ya tambaye ni, tunda ni ɗan kasuwa ne, wace hanya ya kamata ya zaɓa a riƙa biyansa. Na ce masa ni ban taɓa karɓar albashi ba balle fansho, amma na san mutum ɗaya da ya tsaya inda yake tsaye. Labarin da na ba shi ne nake rubutawa.

Malam Haruna yana da shekaru iri biyu, kamar da yawa daga tsararsa da aka haifa a karkara. A ƙauyensu da ke ƙasar Rano babu mai rubuta ranar haihuwa. Idan lokacin ɗaukar yara makaranta ya zo, sai a jera su, a ce kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya ɓarin. Wanda hannunsa ya kai ya isa shiga aji, sai malami ya rubuta masa shekarun da aka saba rubuta wa ɗan aji ɗaya. Haruna ɗan tsurut ne, ga shi mahaifinsa ya daɗe yana riƙe shi a gona kafin mai gari ya matsa. Ranar da ya kamo kunne ya girme wa sauran yaran da shekara biyar ko shida, amma ba wanda ya tambaya. Abin da malamin nan ya rubuta shi ya bi shi har sakandare, har wurin aiki.

Wannan ba asiri ba ne. Matarsa Hajiya Asabe ta sani, danginsa sun sani, shi da kansa yake ba da labarin a majalisa ana dariya. Ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci, tunda ba shi ya rubuta ba. Kuma abin ya yi masa rana: tsararsa na gaskiya suka yi ritaya suka bar shi a ofis yana ci gaba da karɓar albashi.

Sai gwamnati ta sauya tsarin fansho. A da ita ce ke biyan tsohon ma'aikaci daga aljihunta har ya mutu, in ta ga damar biya a kan lokaci. A sabon tsari, kowane wata ana cire wani abu daga albashin mutum, wurin aikinsa ya ƙara, a zuba a asusu mai sunansa a hannun kamfanin fansho. Aka ce waɗanda ya rage musu 'yan shekaru kaɗan su yi ritaya za a bar su a tsohon tsari. Da shekarunsa na gaskiya ne a fayil, da wataƙila yana cikinsu. Takarda ta ce da sauransa, don haka ya faɗa sabon layi. Bai yi fushi ba. Ya sha ganin tsofaffin ofishinsu a layin tantancewa cikin rana, wasu da sanda, wasu jikoki na riƙe da su, saboda haka bai ɗauki tsohon tsarin aljanna ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Dillali, takardar da ta ciyar da ni ita ce yau ta canza min mota. Sai in bi ta."

Da takarda ta cika sittin aka sallame shi. Aka ba shi wani kaso na kuɗinsa a dunƙule, ya gyara rufin gida ya aurar da autarsa. Sauran kuwa aka ce ya zaɓi ɗaya cikin hanya biyu. Ta farko, kuɗin ya zauna a asusunsa, kamfanin fansho yana juya shi yana ba shi kaɗan-kaɗan kowane wata. Ranar da ya rasu, abin da ya rage na magada ne. Ta biyu, ya kwashe kuɗin gaba ɗaya ya miƙa wa kamfanin inshora, su kuma su ɗauki alkawarin biyansa kowane wata har ƙarshen ransa, ko da zai kai ɗari. 'Yan ofis suna kiranta anuwiti. Sharaɗinta shi ne, idan ya rasu cikin shekara goma na farko za a ba iyalinsa cikon shekara goman. Idan ya wuce goma, ranar da ya rasu magana ta ƙare. Kuma wanda ya bi ta farko yana iya komawa ta biyu daga baya, amma wanda ya shiga ta biyu ba ya dawowa.

Ina zaune a gindin darbejiya ranar da wakilin kamfanin inshora ya zo, wani matashi mai fara'a da jaka a hannu. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, "Baba, shekara sittin ai yanzu ka fara. Ga ka nan garau, ko tabarau ba ka sawa. In Allah ya kai ka tamanin da biyar kuɗin asusu ya yi ƙasa, wa zai biya ka? Mu kuwa ko jikan jikanka ka gani, alat ɗinka yana nan." Ban ce yaron ya yi ƙarya ba. Sana'arsa yake yi, kuma ya iya ta. Da a rumfata yake da na ƙara masa la'ada.

Da ya tafi na ce, "Akawu, yaron nan da takarda yake magana, ba da kai ba."

"To ai ni da takardar tare muka tsufa."

"Ba tare kuka tsufa ba, ka riga ta."

A sana'armu akwai masu mayar da malejin mota baya, mai saye ya leƙa ya ga lamba kaɗan ya yi murna. Ni ba na kallon lamba. Robar birki nake dubawa, da sitiyari, da kujerar direba, don su ba a iya mayar da su baya. Abin da na faɗa masa ke nan. Kamfani zai yi masa farashin ɗan sittin, ya raba kuɗin a kan shekaru masu yawa, alhali jikinsa ya ci shekara biyar ko shida daga cikinsu tun tuni. A ido na ɗan kasuwa, kayansa zai sayar da araha.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Ɗakin Hajiya Asabe nake hangowa. Na sayar da gidajen gado da yawa a Gyadi-Gyadi da Tarauni, na san yadda abin yake tafiya. Mai gida ya rasu, ba a bar komai ba sai gida. 'Ya'ya kowa da buƙatarsa, ba wanda yake da ƙarfin sayen kason 'yan'uwansa, unguwa kuma ta yi tsada, masu gina shaguna suna zagaye. Sai a sayar, a ba uwa tumuninta, ta kwashe kayanta daga ɗakin da ta haifi 'ya'yanta a ciki. Idan akwai ɗan tsabar kuɗi a gefe, sau da yawa shi ake ba wanda ya fi matsuwa, a bar gidan tsaye muddin uwa tana raye. Na ce masa ya bar kuɗin a asusu. In ya ga shekaru suna ta ja, ƙofar inshora tana nan a buɗe, sai ya shiga daga baya.

Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Babana ya haura casa'in. Ƙarshen rayuwarsa a gidan ƙanena ya yi. Ko goro yake so sai ya aika. Na sha ganinsa yana riƙe buƙata kwana da kwanaki, yana jira wani ya lura, don kada ya buɗe baki. Ni ba zan ɗauki waya in ce wa Nura ya turo min kuɗin cefane ba." Nura shi ne babban ɗansa.

Na ce, "Ba cewa na yi ka je ka shelanta shekarunka ba. A zuciyarka za ka yi lissafi da su."

Ya ce, "Dillali, tunda na kama aiki lamba ɗaya nake rubutawa. Ban iya lissafi da biyu ba. In yau na koma ta biyun don ta fi riba, gobe a tambaye ni albashin da na ci da ta farko, me zan ce?"

"Wa zai tambaye ka?"

"Akwai mai tambaya."

Ya tuntuɓi malamai biyu a kan halaccin abin. Ɗaya ya ce akwai rashin tabbas a cinikin, a guje shi. Ɗayan ya ce a halin da ake ciki larura ce. Ya saurari kowa, bayan mako biyu ya je ya sa hannu a inshora. Abokin aikinsa Mista Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Babban Giji, shekara ɗaya suka yi ritaya, shi ya bar nasa a asusu. Suka riƙa zolayar juna a kai, kowa yana cewa ɗayan ne aka yi wa wayo.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa kamfanin: ban taɓa jin sun makara ba. Ƙarshen wata in wayarsa ta yi ƙara sai ya miƙo min ita ya ce, "Dillali, mutanenka sun gaishe ka." A shekarun farko kuɗinsa ya ɗan fi na Mista Bitrus, yana kuma tuna masa. Amma lambar ba ta motsi, kasuwa kuwa tana gudu. Mista Bitrus an yi masa ƙari wasu lokuta, saboda kuɗin asusu yana samun riba. Shi Malam abin da aka fara ba shi shi aka ci gaba da ba shi. Kuɗin da a farko yake sayen shinkafa da mai da magani har a yi ragi, ya koma magani kawai da ɗan abin miya. Ya daina sayen jarida. Ya kawo min motarsa na sayar, ya koma hawa adaidaita. 'Ya'yansa suna kawo abin da suke iyawa, yana karɓa yana sa albarka, amma ban taɓa jin ya tambaya ba, kuma da ya tambaya da na ji.

Ni da na yi masa lissafin ba zai ga ƙarshen shekara goman ba, sai ga shi ya gani. Ranar ya kira ni da kansa yana dariya. "Dillali, na cinye garantin. Daga yau kuɗin kamfani nake ci." Na ce Allah ya ƙara nisan kwana, kuma har zuciyata na faɗa. Amma na san abin da ranar take nufi ga Hajiya. A shekarar da ta biyo baya ya yi gajeriyar jinya ya rasu.

A wurin zaman makoki wani ya tambayi shekarunsa, Nura ya ce saba'in da ɗaya. Da na shiga ciki yi wa mata gaisuwa, yayarsa Hansai da ta zo daga ƙauye ta ce, "Alhaji, wai saba'in da ɗaya suke faɗa a waje? Ni na goye shi tun kafin a kawo makaranta garinmu." Matan suka yi murmushi cikin hawaye, aka wuce wurin.

Bayan Hajiya ta fita takaba Nura ya same ni a rumfa. Malamin makaranta ne, yana haya a Hotoro da 'ya'ya a gabansa. Ƙanensa jarinsa ya karye. 'Yan'uwansu mata uku kowace da nata. Ya ce, "Baba, mun zauna da Inna mun yi magana. Kai ka san gidan nan, mun fi so ya bi ta hannunka." Babu mugu a cikinsu, kuma ba wanda ya ɗaga wa uwarsa murya. Na nemi mai sayen gaban gidan ya bar wa Hajiya bayan, ban samu ba, kowa filin gaba ɗaya yake so. Aka sayar, aka raba yadda addini ya tsara. Na so in bar la'ada, Hajiya ta aiko cewa in karɓa, wai Malam ba ya son aikin kyauta. Da tumuninta da abin da 'ya'yan suka ƙara na samo mata ɗan gida mai ɗaki biyu can cikin Unguwa Uku.

Da ya bar kuɗin a asusu, gidan zai tsira? Na juya wannan tambaya sau da yawa. Ƙasa ta yi tsada a Gyadi-Gyadi, abin da zai rage a asusu bayan shekara goma sha ɗaya ba zai sayi kason kowa ba. Wataƙila dai ya isa a tayar da ƙanen Nura, sauran su yi haƙuri muddin uwarsu tana raye. Wataƙila kuma a'a. Dillali ba ya rantsuwa a kan cinikin da ba a yi ba.

Ina tunanin abin da zai ce da yana nan yau. Yanzu akwai asusun fansho da ba a juya shi da kuɗin ruwa, da ba sai ya yi ta zagayen malamai ba. Ma'aikaci yana iya amfani da wani kaso na ajiyarsa ya fara biyan kuɗin gida tun yana aiki. Wanda kamfaninsa bai gamshe shi ba yana iya komawa wani. Har mu 'yan kasuwa an buɗe mana ƙofa mu riƙa zubawa. Na san zai yaba wasu, zai kuma ce tun da ya fara aiki ba a taɓa barin ma'aikaci ya gama wasa da ƙa'idar da ya fara da ita ba. Wanda ya shirya tsufansa a kan dokar bana, ya bar wuri a lissafinsa don dokar baɗi. Abin da bai sauya ba shi ne hanyoyin nan biyu. Har yau ana tsayar da mutum a ce ya zaɓa tsakanin tsoron ya daɗe kuɗi ya gaza, da tsoron ya tafi bai bar komai ba. Kuma har yau akwai masu isowa wurin da shekarun da wani malami ya rubuta musu.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je gaishe da Hajiya. Lungun nasu mota ba ta shiga, sai da na ajiye ta a bakin titi na taka. Muna hira na ce mata har yanzu ina ganin da Malam ya ji shawarata da tana ɗakinta.

Ta ce, "Alhaji, ai ya faɗa min shawararka. Kafin ya sa hannu ya zaunar da ni ya bayyana min hanyoyin biyu, har da maganar gidan. Ya ce in zaɓa."

Ban taɓa sanin haka ba.

Ta ci gaba da cewa, "Shekarunsa kuwa na fi ku sani, uwarsa ce ta ƙirga min su tun ina amarya. Ni na ce ya bi ta inshora. Na sha zuwa wurin surukina, na ga yadda yake kallon ƙofa. Na ce gara ni in koma ɗaki ɗaya wata rana da in ga Malam yana jiran saƙon yaro." Ta gyara mayafinta ta ce, "Ga shi ma biyu na samu."

A duk cinikin da na taɓa shiga akwai wanda ya biya. Na daɗe ina ɗauka Malam Haruna ya sayi abin da yake so ne ya bar wa matarsa biya ba tare da ta sani ba. Ashe ta ga farashin tun farko, ta kuma amince. Shi ya samu abin da ya saya: shekara goma sha ɗaya bai miƙa wa kowa hannu ba. Ko cinikin ya yi riba, ba ni ke da ikon faɗa ba, na masu kayan ne.

Ma'aikacin da ya tambaye ni, ban zaɓa masa ba. Na ce ya yi lissafi da shekarun da jikinsa ya sani, ya tambayi kowane wakili abin da zai faru da kuɗin ranar da ya rasu da kuma ranar da kaya suka yi tsada, sannan kada ya sa hannu sai wadda zai bari a ɗaki bayan ransa ta ji komai da kunnenta.

Gidan Malam Haruna ya tafi, darbejiya ta tafi, alat ya tsaya a watan da ya rasu. Da zan fito daga wurin Hajiya na ga firiza a zaure, yara suna shigowa sayen ƙanƙara da zoɓo. Da ɗan abin da ya rage bayan sayen gidan ta saya. Na tambayi Nura daga baya, ya ce tunda ta koma Unguwa Uku yana kai mata abin da ya samu, tana karɓa tana sa masa albarka, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kiransa ta ce ya turo ba.

Allah ya jiƙan Akawu, ya sa ya huta.